Katantanwar Adar a Kwanon Maman Rifkatu

Da hantsi motarmu ta shiga tashar Jabi. Kayana biyu ne: jakar tufafi, da wani akwatin ƙarfe wanda ƙato ba ya ɗaga shi sai ya yi nishi. Na haura shekara saba'in a lokacin. Na yi aiki a Maroko da Aljeriya da Mali, na ɗanɗana sanyin Faransa, ina jin Faransanci da Larabci da Zabarmanci da yaren Buzaye, amma ban taɓa taka Abuja ba, kuma Ingilishina bai wuce na gaisuwa ba.

Sunana Isufu, mutumin Adar ne ni, a jihar Tawa ta Nijar. Tun ina saurayi aikina shi ne bin masu binciken ƙasa: su nuna wuri, ni in haƙo, in kakkaɓe, in jera. Abin da ke cikin akwatin nan katantanwa ce, irin wadda yara ke murzawa tana juyi, sai dai tawa ta zama dutse tun wani zamani da Allah kaɗai ya san nisansa. Ƙanana ne ƙwarai. Wata kamar ƙwayar dawa, babbar cikinsu ba ta kai ƙwallon dabino ba. A cikin teku suka rayu, lokacin da teku ya rufe ƙasarmu, inda yau awaki ke yawo suna neman ɗanyen ganye.

Daga wani tudu na bayan garinmu na tsinci mafi yawansu. Tudun hawa uku ne kamar bene: ƙasa laka ce mai ruwan toka, tsakiya farin dutse mai tauri, sama kuma ƙasa mai ruwan ɗorawa. Kowane hawa zamaninsa daban, na ƙasa ya girmi na sama. Saboda haka a sana'armu katantanwar da ba a san hawan da ta fito ba tsakuwa ce kawai. Ni a kwalayen ashana nake zuba su, kowane kwali da hawansa a rubuce a baya. Tudun kuwa yanzu babu shi. Masu fasa dutse sun cinye shi da manyan motoci, sai rami. Abin da ya rage na tudun nan a duniya shi ne abin da ke cikin akwatina.

Da na yi ritaya akwatin ya koma ƙarƙashin gado. Matata Rabi takan buge ƙafa da shi wajen shara, ta ce, "Malam, wannan kaya naka yaushe zai yi amfani?" In ce mata, "Teku ne a ciki, Rabi, bi shi a hankali." Na san ranar da na rufe ido 'ya'yana za su zubar da duwatsun su sa tufafi, kuma ba zan ga laifinsu ba. Shi ya sa na ɗauko shi zuwa wurin Dakta Hadiza, wata 'yar Sakkwato da muka taɓa aiki tare a bakin iyaka tana ɗaliba. Yanzu tana wata ma'aikata ta binciken ƙasa a Abuja, tana kwatanta katantanwar ɓangarensu da ta namu, domin dutsen ɗaya ne, iyaka ce kawai ta bi ta kansa. Ta ce in na kawo za ta ba su durowa a ɗakin ajiyarsu. Abin da na zo nema ke nan, wurin zama ga katantanwata kafin in mutu.

Ina tsaye a gefen akwatin ina ƙoƙarin kiran Dakta, layina na Nijar ya ƙi shiga, sai wani mutum ya matso. Farar shadda, carbi a hannu, sallama cikakkiya. Ya ce sunansa Alhaji Ɗanlami. Ya kama hannun akwatin don ya taya ni janye shi daga hanyar motoci, sai na ga ya dubi akwatin, ya dube ni.

"Baba, me ke ciki haka kamar an zuba guduma?"

"Duwatsu ne. Ma'aikatar binciken ƙasa zan kai."

"Duwatsu," ya faɗa a hankali. "Ai ka yi sa'a. Masu karɓar duwatsu sun tashi daga cikin gari, sun koma hanyar Keffi. Ni ma can na nufa, ga motata can. Kawo wayar in sa maka a caji."

A Kazabalanka ta Maroko da Marsai ta Faransa ba wanda ya taɓa cuta ta, domin duk wanda ya zo mini da baƙon harshe ina sa masa ido. Wannan kuwa da Hausa ya zo mini, har yana tambayata ko ruwa ya sauka a Tawa. Kunnena ya ji gida, sai idona ya yi barci.

Muka bar manyan gine-gine, muka kutsa cunkoson Mararaba, muka fita daji kore shar. A Uke muka tsaya, wani gari a bakin titi mai ƙamshin farfesun kifi. Aka shigar da ni wani ɗaki a bayan shago. Babu durowa, babu littafi, sai tebur da ɗan ma'auni irin na maƙeran zinariya, da wani mai ƙiba da suke kira Oga. Nan na gane inda aka kawo ni: wurin masu sayen zinariya a ɓoye, sun ɗauka ita ce a akwatina. Ina lalube a aljihu kamar mai neman makulli, Oga bai jira ba, ya sa ƙarfe ya ɓalle kwaɗon.

Ya buɗe kwalin farko, ya juye a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo.

"Mene ne wannan?"

"Katantanwa."

"Na ga katantanwa ce. Ina kayan?"

"Su ne kayan."

Ya buɗe wani, ya buɗe wani. Abin da kawai na roƙe shi shi ne ya mayar da kowace cikin kwalinta kafin ya buɗe na gaba, kuma ya yi hakan. Ina jin ya ɗauka asiri ne, yana tsoron haɗawa. Ya tambaye ni ko magani ake yi da su, na ce a'a. Ya tambaya ko Turawa na saye, na ce ba na jin haka. Sai ya juya ga Alhaji Ɗanlami ya yi masa wata magana da Ingilishin kasuwa. Ban ji kalmomin ba, amma na ji ma'anar, domin zagi a kowane harshe muryarsa ɗaya.

Alhaji Ɗanlami ya ce, "Baba, ɗan jira a waje in juyo da mota." Jakata na cikin motar, wayata na ciki. Har yau bai gama juyowa ba.

Aka fito mini da akwatin bakin titi, marfinsa ya lanƙwashe ba ya rufuwa. Sai ga ruwa. A Adar kana hango hadari tun daga nesa, har ka kora awaki gida ka dawo bai iso ba. A nan kuwa kamar an kifar da randa a kanka. Na tuɓe rawanina na rufe marfin, na ja akwatin zuwa wata rumfa inda mata ke loda kifi a bayan wata tsohuwar a-kori-kura.

Wata mace mai jiki, da zane ɗaure a ƙirjin rigar ruwa, ta tsaya tana kallona.

"Baba, kai daga ina? Ka rufe akwati ka bar kan ka a ruwa?"

Na ba ta labari a taƙaice. Ba ta yi mamaki ba, ta dai yi tsaki ta ce ta san irinsu. Ta tambaye ni ina zan kwana, na ce ban sani ba tukuna.

"To shiga gaba. Rifkatu ya tafi makaranta a Jos, ɗakin shi yana nan ba kowa."

Rifkatu 'yarta ce. Hausar Abuja haka take a bakin mutane da yawa, ba ruwanta da mace ko namiji, kuma na saba da ita da wuri fiye da yadda na saba da Larabcin Maroko. Sunan matar a unguwa Maman Rifkatu, kifi take sarowa ta kai kasuwar Kado, a can kusa kuma gidansu yake.

Mijinta tsohon soja ne, Saje Bitrus, siriri, mai gurguwar tafiya kaɗan. Ya saurari labarin, ya dubi akwatin, ya ce, "Malam, ɓarayin nan sun ɗauki riga sun bar maka duwatsu. Ko su sun san wanda ya fi sauƙin ɗauka." Kiristoci ne su. Kafin in buɗe baki in tambaya, ya ɗauko buta daga bayan ƙofa, ya shiga ɗakin ya tsaya ya miƙa hannu ya ce, "Gabas ɗin ku nan ne, ka ɗan karkata hagu. Na zauna bariki da mutanenku shekaru." Ya ba ni kaftaninsa na Kirsimeti, hannun bai kai mini wuyan hannu ba. Da shi na yi sallar farko a Abuja.

Ruwa ya shiga akwatin. Kwalayen sama ne suka jiƙe, kuma su ne na 'yan ƙananan da na tsinto a tudun garinmu. Na fito da su na jera a kan tabarma layi uku, kowane hawa layinsa, don su sha iska. Amma damina ce, iskar kanta a jiƙe take. Kwali ya yi laushi, ya soma furfura, ɗakin ya ɗauki wari.

Saje ya raka ni muka nemo ma'aikatar. Ashe tana cikin gari, ba ta taɓa tashi ba. Mai gadi ya ce Dakta ta tafi aikin daji, inda waya ba ta shiga, sai dai in riƙa leƙowa. Haka na zama ɗan gida. Abinci sakwara ce da miya mai yaji wadda ke sa ni hawaye, su yi ta dariya. Na yi kewar furar Rabi, na yi kewar sararin Adar inda ido ke tafiya har ya gaji. Abuja duwatsu ne manya kewaye da ita, masu kyau, amma na duba su da idon sana'a na ga dutsen wuta ne, babu abin da ya taɓa rayuwa a cikinsa. Namu munana ne, masu marmashewa, amma cike suke da halittu.

Wata safiya na bi Maman Rifkatu kasuwar Kado don in rage zaman ɗaki. Na ga kasuwar kifi a Mobti ta Mali, na ga ta Agadir a Maroko, kowace da warinta, amma hayaniyar ɗaya ce. A kusa da teburinta wata mata 'yar kudu na zaune da babban kwano, da na leƙa sai na tsaya cak. Katantanwa ce doguwa mai tsini, baƙa, da ƙuraje a jere a jikinta, tana motsi. Na ce mene ne wannan. Maman Rifkatu ta ce isam ne, daga bakin teku ake kawowa, ana miya da shi. Na zaro guda ɗaya daga cikin nawa, da nake yawo da ita a aljihu, na ajiye a gefen mai rai. Kamar kaka da jika. Shekara hamsin ina gaya wa mutanen garinmu cewa teku ya taɓa kwana a gonakinsu suna yi mini kallon mai taɓin hankali, sai ga shaidata a kwanon miya.

Maman Rifkatu ta ɗauki tawa ta juya ta. "Ai isam ne. Amma naka datti ya cika bakin shi."

Na buɗe baki zan yi mata bayani, sai mai sayen tarwaɗa ya iso, maganar ta wuce.

Ga bayanin da ban yi mata ba. Wanda ya koya mini sana'a wani dattijo ne a Maroko, Si Ahmad. Shi ya hana ni wanke katantanwa tas. Yakan ce, kakkaɓe bayanta, amma ka bar mata ƙasar da ta cika bakinta, domin kwali na iya yagewa, rubutu na iya gogewa, ƙasar bakinta kuwa ita za ta faɗi inda ta kwanta. Da gangan nake barin dattin.

Ranar da aka fara samun rana mai kyau, na tafi ma'aikatar na leƙa, aka ce Dakta na hanya. Na dawo da farin ciki. Da na shigo tsakar gida sai na ga kwalayen ashanata a jere a kan kwanon rufin kaji, an shanya su, kowanne a buɗe, babu komai ciki. A ƙasa kuma ga babban faranti, katantanwar kwalayen nan duka a kai, a haɗe, a wanke, suna ƙyalli. Maman Rifkatu na zaune a kujera 'yar tsugune da tsinken tsintsiya a hannu, tana sakace bakin wata.

"Baba, sannu da dawowa. Ka ga yadda ya fito? Warin nan zai ba ka ciwo. Na wanke shi kamar isam, sau uku."

Na nemi bakin baranda na zauna. Na tuna Uke. Ɓarawo ya mayar da kowace cikin kwalinta, mai ƙaunata ta haɗa su.

Ta dube ni, tsinken ya tsaya a hannunta. "Baba, na ɓata ne?"

Na yi mata bayanin hawa uku, da tudun da babu shi yanzu. Saje ya fito yana saurare. Ya ce, "Wato kamar a tara sojoji a tuɓe musu kaki, a ce kowa ya koma bataliyarsa, su kuma ba sa magana."

"Haka ne, Saje."

Maman Rifkatu ta ajiye tsinken a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ta ba da haƙuri ba. Ta ce, "To nuna mini yadda ake gane shi. Ni na haɗa, ni zan raba."

Na so in ce mata ba zai yiwu ba. Amma na ɗauki guda ɗaya na sa ɗan gilashina na ƙara girma, sai na ga farin dutse na nan daram a bakinta, ruwa bai iya masa ba. Na ɗauki wata, ɗorawar ta ragu amma da saura. Lakar toka ce ta narke ta tafi. Na ce, "Kada ki ƙara sakace ko ɗaya. Kawo faifai."

Muka fara da kamanni, domin kafin ka tambayi katantanwa inda ta fito sai ka san ko wace ce. Kowace safiya kafin ta tafi kasuwa, da yamma in ta dawo, muna zaune a baranda. Na koya mata yadda ake riƙewa, tsini sama, baki yana kallonka. Sai ka dubi tsayi: doguwa ce kamar tsinin mashi, ko gajera kamar tulu. Sai ka ƙirga murɗin. Sai ka shafa jikin: sumul ne, ko da haƙarƙari a tsaye, ko da zare mai bin murɗi, ko ƙuraje. Sai ka juya gindin ka ga ko tana da cibiya, wato ɗan rami a tsakiya. Daga ƙarshe baki: zagayayye ne, ko yana da ɗan indararo a ƙasa. Masana suna da sunayen Latin, na san da yawa, amma ni a aikina da sunayen gida nake kiransu: doguwa, mai cibiya, mai ƙuraje, 'yar tulu.

Hannunta ya fi nawa sauri, hannun da ya saba tsince ƙananan kifi ne. Idona kuma ya soma dishi-dishi, sai in shafa da yatsa in ji abin da ban gani ba. Takan yi kuskure, ta sa mai ƙurajen da ta goge cikin dogaye, in mayar. Saje na kan kujerarsa da rediyo, aikinsa tsokana.

"Madam, shekara talatin ban ga kin zauna shiru haka ba. Malam, in ka gama da duwatsun ka bar mana kaɗan."

"Kai ka yi shiru, soja. Ko wake ba ka iya tsincewa."

Da aka ce Dakta Hadiza ta dawo, na tafi da faifan a lulluɓe, Maman Rifkatu ta ce sai ta bi ni, ta sa kayan cocinta. Dakta ta taso ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda take yi tana ɗaliba, ta yi ta salati da ta ji labarin Uke. Ban ɓoye mata komai ba, na buɗe faifan.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Baba Isufu, ka san ƙa'ida, kai ka koya mini ita. Wadda ba a san hawanta ba, ba za ta shiga durowa ba. In na sa ta bisa zato, wani zai zo bayan mun mutu ya gina magana a kan ƙarya."

Na ce, "Ban zo in roƙe ki ki karya ta ba."

Maman Rifkatu ta ce, "Dakta, ni na yi. Ba shi ba."

Dakta ta dube ta ta yi murmushi. "Mama, zauna. Bari mu ga abin da kika bar mana."

Ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda bakinsu ya wanke fes, ta sa a ƙarƙashin babban madubinta na ƙara girma mai ido biyu, ta murɗa. Can ta ce in leƙa. A cikin tsagin da ke tsakanin murɗi da murɗi, inda tsinke ba ya shiga, ga lakar toka a maƙale kamar kwalli a ido. Gilashina ba zai taɓa nuna mini wannan ba. Waɗanda muke shakka ko farin dutse ne, sai ta ɗiga musu wani ruwa mai tsami a kan ɗan abin da ta kankaro, in ya yi kumfa sosai mun san na tsakiya ne.

Haka muka ci gaba har damina ta soma ja da baya. Dakta ta nemo mini waya na kira Rabi, ta kuma yi mini tayin ɗaki a gidan wanta, na gode na ce ina da masauki. Kullum in zo da safe, ita a madubi, ni a gefe ina miƙa mata ina faɗin abin da na tuna: mai cibiya ban taɓa samunta a sama ba, 'yar tulu ta fi yawa a tsakiya. Ba ta karɓar tunanina shi kaɗai sai ƙasa ta shaida. Wani lokaci in ji haushi, amma ni ma da haka zan yi.

Wata rana muna kan dogaye sai ta ce, "Baba, waɗannan iri nawa ne?"

"Ɗaya. Doguwa ce, tana cikin hawan ƙasa, tana cikin na sama."

"Leƙa."

Na leƙa. Wasu zare biyu ne ke bin kowane murɗi, wasu uku, na ukun siriri kamar gashi. Tsininsu ma ba ɗaya ba ne, wata ta fara murɗi a tsuke, wata a sake. Na ce wannan bambancin 'yan uwa ne kawai, kamar dogo da gajere a gida ɗaya. Ta ce to mu gwada. Muka ware waɗanda ƙasarsu ta riga ta shaida, muka duba. Duk mai zare biyu toka ce a jikinta. Duk mai uku ɗorawa. Ko ɗaya ba ta tsallaka ba.

Tun ina da ƙarfina nake riƙe da su a matsayin iri ɗaya, domin ƙurar da nake bari a bayansu ta rufe zaren na uku. Si Ahmad ya hana ni wanke baki, ni kuma tsoro ya sa na ƙi wanke jiki sosai. Sai da mai kifi ta yi musu wankan isam sannan suka nuna fuskarsu.

Da na faɗa wa Maman Rifkatu da yamma, ta tafa hannu ta juya ga mijinta. "Ka ji ko? Dakta ya ce wanki na ya yi amfani."

Saje ya ce, "Shi ke nan, mun shiga uku. Malam, ɓoye sauran kwalayen."

Ba duka muka ceto ba. Akwai 'yan tulu, cikin tafin hannu guda, waɗanda suka fi kyau da girma, su Maman Rifkatu ta fara sakacewa da tsinke ta goge da tsumma. Irinsu na cikin hawa ukun duka, kuma ba ta bar musu ko ƙwayar ƙasa ba. Dakta ta juya su ta kowane gefe ta girgiza kai. Na yarda. Sauran kuwa, da duk kwalayen da ruwa bai taɓa ba, aka zuba su cikin 'yan kwalabe masu marfi, aka jera a durowa uku, toka a ƙasa, fari a tsakiya, ɗorawa a sama, kamar yadda tudun yake. Dakta ta ce ni zan tura durowar ƙarshe. Na tura, ta shige da ɗan sauti mai laushi. Na tsaya ina jin abin da na ji ranar da na aurar da autata: hannuna wayam, zuciyata a kwance.

'Yan tulun da suka rasa gida na kai wa Maman Rifkatu. Ta zuba su a kwalbar man shafawa ta ajiye a kan teburinta a Kado, kusa da wuƙa. Ranar da na je yi mata sallama na tarar tana nuna wa wata mai sayen kifi.

"Wannan isam na Nijar ne. Da can teku yana wurin su."

"Nijar? Inda ba ruwa?"

"Ga mai shi nan, tambaye shi. Amma kar ki taɓa, ba a wankewa."

Saje ya kai akwatin wurin maƙeri aka gyara marfin, ya raka ni Jabi da kansa, ya ce ba zai bar ni da wani Alhaji ba. Da yaran mota suka ɗaga akwatin na ga bai yi nauyinsa na da ba, amma kuma ba fanko ba ne. Na dubi Saje, ya ɗaga kafaɗa ya ce umarni ne daga sama, shi ƙaramin soja ne.

A gida Rabi ta sa aka shigo da shi tsakar gida. Ta ce, "Ka dawo mini da shi kuma?" Na ce ta buɗe. Ta ɗaga marfin, ƙamshin banda ya cika gidan, tarwaɗa ce a naɗe a takarda, jere har baki. Ta ɗauki guda ta shinshina, ta dube ni.

"Malam, shekara da shekaru kana ce mini teku ne a cikin akwatin nan. Sai yau ya ba da kifi."